Sayar da Tsohuwar Kwamfuta: A Kula Kada Sirrin Jama'a Ya Bi Ta Kasuwa

GASHUWA, Jihar Yobe — A al'adar kasuwa, duk wanda zai sayar da durowa ko akwatin ƙarfe ko tsohuwar mota, sai ya laluba lungunanta ya kwashe kuɗinsa da takardunsa kafin ya miƙa wa mai saye makulli. Babu ɗan kasuwar da zai yarda durowar shagonsa ta fita da littafin bashi a cikinta. Amma sau da yawa akan sami wannan ɗan kasuwa ya sayar da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, tana ɗauke da bayanan da suka fi littafin bashi yawa da haɗari. Galibi ba da gangan ake yin haka ba. Mutum ya danna maɓallin sharewa, ya ga fayiloli sun ɓace daga allo, sai ya ɗauka magana ta ƙare.

Gaskiyar al'amarin ita ce sau da yawa sharewa irin wannan ba ta kawar da bayanan daga cikin na'urar. Wanda ya saye ta, ko wanda ya saya daga hannun wanda ya saya, zai iya dawo da yawancin abin da aka share cikin 'yan sa'o'i, da manhajar da ake samu kyauta a intanet. Wannan batu ya zama abin dubawa musamman tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina bai wa manhajar Windows 10 tallafin da ya saba bayarwa. Tsofaffin na'urori da yawa ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba, saboda haka ofisoshi da shaguna da makarantu suna da ƙarin dalilin rabuwa da su.

Yadda na'urar ta shiga kasuwancin yankin

Nguru da Gashuwa tsofaffin garuruwan ciniki ne. Tun da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da dabbobi. Gashuwa kuwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bade da ke bakin Kogin Yobe, ta yi suna da shinkafa da kifi da kayan fadama. A wancan zamani sirrin ɗan kasuwa yana cikin kansa, ko cikin littafin da yake ajiyewa a ƙarƙashin matashi.

Abubuwa sun canja bayan ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, da zuwan wayar salula a 2001, da kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a 2013, wadda ta tarar da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman a garin. A Nguru ma akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Ɗalibai da ma'aikata suna bukatar a buga masu takardu, a cike masu fom, a tura masu saƙo. Ta haka shagunan buga takardu da na fotokwafi da na hada-hadar kuɗi ta POS suka yawaita, tun daga bakin kasuwa har cikin unguwanni irin su Katuzu da Lawan Musa da Sarkin Hausawa. Manyan 'yan kasuwar hatsi, da masu kemis, da makarantu masu zaman kansu, da ƙungiyoyin gama kai na manoma, su ma sun koma ajiye lissafinsu a na'ura.

A ɗauki misalin shago guda na buga takardu a Katuzu wanda ya yi shekara biyar yana aiki da kwamfuta ɗaya. Duk wanda ya zo neman aiki ya bar hoton takardun makarantarsa da takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma. Duk ɗalibin da ya zo buga takardar jarrabawar JAMB ya bar lambarsa ta NIN, tun da daga 2021 hukumar ta wajabta wa masu zana jarrabawar mallakar lambar. Ɗan kwangila ya bar takardun kamfaninsa da lambar asusunsa da farashin da ya sa a takardar neman aiki. Akwai yarjejeniyar sayen fili, da takardar rabon gado, da sakamakon gwajin asibiti, da hotunan biki. Mai shagon kansa ya bar kalmomin sirrinsa na imel da na banki a cikin manhajar shiga intanet, domin ya gaji da rubuta su kullum. Ranar da ya sayar da wannan na'ura domin ya sayi sabuwa, ko domin ya biya kuɗin haya, duk waɗannan bayanai za su bi ta, alhali masu su ba su sani ba, ba kuma a nemi izininsu ba.

Darasin da aka koya a Legas

Nijeriya ta taɓa ganin wannan matsala daga ɗaya ɓangaren, lokacin da sirrin mutanen wasu ƙasashe ne yake shigowa. A watan Oktoba na 2005, wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka mai suna Basel Action Network ta fitar da rahoto a kan tsofaffin kayan lantarki da ake shigowa da su Legas. Rahoton ya ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 ne suke sauka a tashar jiragen ruwa kowane wata ɗauke da tsofaffin kwamfutoci da dangoginsu. Da masu binciken suka duba wasu faya-fayan ajiya da suka saya a kasuwa, sun tarar da takardun hukumomi da na mutane a cikinsu ba a goge ba.

A watan Agusta na 2006 kuma, wani shirin talabijin na BBC mai suna Real Story ya bayyana cewa ana sayar da bayanan asusun bankin mutanen Birtaniya a Legas a kan kuɗin da bai kai fam 20 ba. An ciro bayanan ne daga kwamfutocin da masu su suka kai wuraren zubar da tsofaffin kaya a ƙasarsu, suna zaton sun rabu da su ke nan. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Jami'ar British Columbia ta Kanada suka sayi faifan ajiya a Ghana a kan dala 40, suka tarar yana ɗauke da takardun kwangilolin tsaro na gwamnatin Amurka da kamfanin Northrop Grumman.

Tun kafin wannan, wasu ɗalibai biyu na Cibiyar Fasaha ta MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun auna girman matsalar. Sun sayi tsofaffin faya-fayan ajiya 158 a kan kuɗin da bai kai dala 1,000 ba, suka buga sakamakon bincikensu a 2003. Daga cikin faya-fayan, 129 suna aiki, kuma 12 ne kacal aka goge yadda ya kamata. Sun sami lambobin katin banki fiye da 5,000, da bayanan lafiya, da wasiƙu. Ɗaya daga cikin faya-fayan ya fito ne daga na'urar cirar kuɗi ta ATM, yana ɗauke da lambobin asusun mutane da abin da suka cira.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A watan Satumba na 2022, hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka ta ci tarar bankin Morgan Stanley dala miliyan 35, saboda sakaci wajen rabuwa da na'urorin da ke ɗauke da bayanan abokan hulɗa kimanin miliyan 15. Bankin ya ba wani kamfanin jigilar kaya aikin, kamfanin da ba shi da ƙwarewa a kan goge bayanai, sai wasu daga cikin na'urorin suka ƙare a kasuwar gwanjo ta intanet.

Kasuwar da ta kawo waɗancan faya-fayai ita ce har yanzu take ciyar da Arewa. Na'ura takan tashi daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba, ta sauka a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a Kano, daga nan ta wuce Nguru ko Gashuwa. Idan ta tsufa kuma, sai ta sake komawa ta wannan hanya a hannun dillalai da masu gyara da 'yan gwangwan. Abin da ya canja shi ne, yanzu bayanan da ke cikinta na mutanen gida ne. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalilin da ya sa sharewa ba ta isa ba

Duk abin da aka ajiye a kwamfuta yana zaune ne a wani ɗan akwati da ke cikinta, wanda ake kira faifan ajiya. Ana iya kwatanta faifan da babban sito na buhunan shinkafa, wanda mai gadinsa yake riƙe da littafi yana rubuta sunan mai kowane buhu da layin da aka jera shi. Idan mutum ya share fayil, har ma ya zubar da kwandon shara na na'urar, abin da ya faru shi ne an soke sunan a littafin mai gadi, an kuma rubuta cewa wurin babu kowa. Buhun yana nan inda yake. Ba zai gusa ba sai ranar da aka kawo sabon kaya aka ajiye a daidai wannan wuri. Manhajojin dawo da fayil, irin su PhotoRec, ba sa duba littafin mai gadi. Cikin siton suke shiga su bi layi-layi su ga abin da ke ƙasa. An ƙirƙire su ne domin taimakon wanda ya share abu bisa kuskure, amma ba sa tambayar ko wane ne yake amfani da su.

Haka lamarin yake ga abin da masu gyara suke kira fomatin. Iri biyu ne. Akwai na gaggawa, wanda yake ƙarewa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan sabon littafi kawai yake bai wa mai gadi, buhuna suna nan. Shi ne kuma wanda aka fi yi idan za a sake ɗora Windows. Akwai cikakke, wanda tun daga Windows Vista yake bin faifan daga farko har ƙarshe yana rubuta sifili a kowane gurbi, abin da kan ɗauki sa'o'i. Saboda haka idan mai gyara ya ce ya yi wa na'ura fomatin cikin minti biyar, to bayanan suna nan.

Wani abin lura shi ne faya-fayan ajiya iri biyu ne a kasuwa. Tsohon samfuri yana da faranti mai juyawa a ciki, ana jin ƙararsa idan na'ura tana aiki. Shi wannan, idan aka rubuta sifili a kansa baki ɗaya, abin da ke ƙasa ya tafi. A 1996 wani masani ɗan ƙasar New Zealand, Peter Gutmann, ya tsara hanyar maimaita rubutun sau 35, kuma har yau akwai masu ɗaukar cewa dole sai an yi hakan. Amma hukumar daidaita ma'auni ta Amurka, NIST, a cikin ƙa'idojin da ta fara fitarwa a 2006 ta kuma sabunta a 2014, ta nuna cewa ga faya-fayan zamani, zagaye ɗaya cikakke ya wadatar ga bayanan yau da kullum.

Sabon samfuri, wanda ake kira SSD, ba shi da faranti. Ƙananan guntaye ne irin na cikin filash. Shi yana rarraba rubutu ne zuwa gurabe daban-daban domin kada wani sashe ya riga wani lalacewa, yana kuma da wani ɓoyayyen wuri na ko-ta-kwana da manhaja ba ta isa gare shi kai tsaye. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya ta San Diego a 2011 ya nuna cewa hanyoyin gogewa da aka tsara domin faifai mai faranti ba abin dogaro ba ne a kan SSD. Don haka wajibi ne mai na'ura ya san irin faifan da ke cikinta kafin ya zaɓi hanyar da zai bi.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa 'yan ƙasa haƙƙin sirrin gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. A watan Janairu na 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sa'an nan a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC.

Dokar ba ta shafi mutumin da yake ajiye bayanai domin amfanin kansa ko na gidansa kawai ba. Amma ta shafi duk wanda yake karɓar bayanan mutane a harkar sana'a, ko babban banki ne ko ƙaramin shago. Ta wajabta masa ya tsare bayanan, kada ya riƙe su fiye da lokacin da bukata ta sa, kuma idan suka fita daga hannunsa ta yadda za su iya cutar da masu su, ya sanar da Hukumar cikin sa'o'i 72. Ta ba da kariya ta musamman ga bayanan lafiya da na zanen yatsu da makamantansu, abin da ya kamata masu ƙananan asibitoci da ɗakunan gwaji da kemis su lura da shi. Tarar da dokar ta tanada tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai. Ga sauran kuwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. Wanda aka cutar yana da damar kai ƙara ga Hukumar, ko ya nemi diyya a kotu. Shi ma wanda ya tsinci bayanan ya yi sojan gona ko damfara da su, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadar masa ɗauri ko tara.

Sai dai a gari irin Gashuwa, inda kowa ya san kowa, asarar da ta fi tara ciwo ita ce zubewar mutunci. Idan takardar asibitin wata baiwar Allah, ko adadin bashin da ake bin wani attajiri, ko hotunan iyalin wani suka fara yawo a wayoyi, ba za a daɗe ba a gano shagon da suka fito. Haka kuma ɗan damfarar da ya sami cikakken sunan mutum da ranar haihuwarsa da lambar wayarsa da ta BVN, ya sami abin da zai kira shi da shi ya ce daga banki ne. Da zarar mutum ya ji an karanto masa bayanansa daidai, sai ya saki jiki ya ba da lambar sirrin da aka turo masa, a kwashe abin da ke asusunsa.

Matakan da ya kamata a bi kafin ciniki ya faɗa

Na farko, a kwashe abin da ake bukata. A kwafe lissafin shago da rasiɗai da hotuna zuwa wani faifai na waje, a buɗe su a wata na'ura a tabbatar sun kwafu, domin bayan gogewa ta gaskiya babu dawowa. Kamfanonin da suka yi rajista su tuna cewa dokar kamfanoni ta bukaci a adana takardun lissafi na tsawon shekara 6. Takardun abokan ciniki da aikinsu ya ƙare kuwa, babu dalilin kwashe su zuwa sabuwar na'ura.

Na biyu, a fita daga dukkan asusu: imel, da Google, da Microsoft, da Facebook, da shafin banki. A duba WhatsApp na waya a cire kwamfutar daga jerin na'urorin da aka haɗa da shi. Bayan haka a canja muhimman kalmomin sirri daga wata na'ura dabam.

Na uku, a goge faifan. A Windows 10 da 11 akwai hanyar mayar da na'ura kamar sabuwa, wadda masu gyara suke kira risetin. Za ta tambaya ko a bar fayiloli ko a cire komai. A zaɓi cire komai. Amma wannan kaɗai bai isa ba. A cikin ƙarin zaɓin da ke biye akwai na tsabtace faifai, wanda a kashe yake sai an kunna shi, akwai kuma na haɗawa da dukkan sassan faifan. Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin masu gyara sun saba raba faifai gida biyu, su sa Windows a ɗaya, fayiloli a ɗayan, kuma idan ba a zaɓa ba, sashen Windows kaɗai za a taɓa. Ga tsohuwar na'ura mai faifai mai faranti, ana iya amfani da manhajar DBAN, wadda ake ɗorawa a filash a tayar da na'urar da ita. Aikin yakan ɗauki sa'o'i da yawa, wani lokaci kwana guda, saboda haka a tanadi wutar sola ko janareta, domin idan wuta ta ɗauke a tsakiya sai an sake daga farko.

Idan faifan SSD ne, hanyar da ta fi inganci ita ce amfani da manhajar gogewa ta kamfanin da ya ƙera shi, ko umarnin gogewa da wasu na'urori suke da shi a saitinsu na tushe. Wata hanyar ita ce a fara kulle faifan baki ɗaya da manhajar ɓoye bayanai, irin su BitLocker, sa'an nan a yi risetin. Idan makullin ya tafi, abin da ya rage a faifan ba ya karantuwa. Kwamfutocin Apple na baya-bayan nan suna da umarni guda da yake yin wannan aiki, tun daga manhajar da kamfanin ya fitar a 2021.

Na huɗu, a gwada. Bayan an gama, a ɗora ɗaya daga cikin manhajojin dawo da fayil a ga ko za ta tono wani abu. Idan mai gyara ne ya yi aikin, a yi shi a gaban mai na'ura, kada a bar ta ta kwana a shago kafin a goge.

Na biyar, idan na'urar ta mutu ba ta tashi, ko kuma bayanan da ke ciki masu nauyi ne ƙwarai, a cire faifan kafin a sayar. Mutane da yawa suna ɗauka cewa na'urar da allonta ya fashe ko ta ƙone ta mutu da sirrinta. Sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, kuma da 'yar wayar haɗi mai araha za a karanta shi a wata na'ura. Faifan da aka cire ana iya ajiye shi a gida, ko a huda shi da na'urar huda ƙarfe wuri uku ko huɗu ta kan farantin. A kula da ido, domin farantin wasu ƙananan faya-fayai na gilashi ne, yana tarwatsewa. Idan SSD ne, sai an farfasa kowane guntu da ke jikinsa. Kada a ƙona, domin hayaƙinsa guba ne.

Sauran na'urorin da ake mantawa da su

Kwamfuta ba ita kaɗai ce mai riƙe sirri ba. Manyan injinan fotokwafi na ofis da yawa suna da faifan ajiya a cikinsu, wanda yake adana hoton takardun da suka bi ta kansu. A 2010 gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi tsofaffin injina huɗu, ya tarar da takardun 'yan sanda da bayanan marasa lafiya a ciki. Kamfanin inshorar lafiya da ɗaya daga cikin injinan ya fito daga wurinsa, Affinity Health Plan, ya biya dala miliyan 1.2 a 2013. Tun da yawancin injinan da ke shagunan Arewa na hannu ne, ya kamata mai sayarwa ya tambayi mai gyara ko nasa yana da faifai.

Wayar salula ita ce aka fi saye da sayarwa da musaya. A 2014 kamfanin Avast ya sayi tsofaffin wayoyin Android guda 20 da masu su suka ce sun goge, ya dawo da hotuna fiye da 40,000. Wayoyin yanzu sun fi tsaro, domin suna ɓoye bayanansu da kansu, saboda haka mayar da su yadda suka fito daga kamfani yana wadatarwa. Duk da haka sai an fara cire asusun Google ko na Apple, an zare layi da katin ajiya. Katin ajiya da filash kuwa, gara a riƙe su ko a karya, domin kuɗinsu bai kai haɗarinsu ba. Na'urar POS tana haɗe da asusun wanda ya yi rajistarta, don haka mai barin sana'ar ya koma wa kamfanin da ya ba shi ita a rufe ko a sauya suna a hukumance, kada ya miƙa wa wani hannu da hannu.

Lissafin riba da asara

Abin da yake hana mutane bin waɗannan matakai bai wuce abu biyu ba: gaggawa, da tsoron faɗuwar farashi. Mai sayarwa yana bukatar kuɗi yau, dillali yana tsaye, kuma an san na'urar da ba ta da faifai ko ba ta da Windows ba ta yin daraja kamar wadda aka kunna ta tashi. Amma idan aka yi lissafi, faifan ajiya ƙaramin kaso ne na kuɗin na'ura, kuma risetin da aka yi daidai yana barin Windows a kanta, mai saye ya karɓe ta kamar sabuwa. Abin da za a rasa shi ne yini guda na jira.

Ofisoshi da makarantu da ƙungiyoyi masu yin gwanjon tsofaffin kayansu suna bukatar tsari a rubuce: wane ne zai goge, ta wace hanya, wa zai shaida, da lambar kowace na'ura. Haka ma idan kyauta za a bayar, ko ma'aikaci zai bar aiki ya mayar da na'urar ofis, ko za a raba kayan mamaci ga magada. Ga matasa masu gyaran kwamfuta a Gashuwa da Nguru kuma, nan akwai sana'a: su riƙa goge na'ura a gaban mai ita, su gwada masa ya gani, su ba shi takardar shaida mai ɗauke da lambar na'urar da ranar aikin. Dillalin da aka san ba ya sayar da na'ura sai ya goge ta zai fi samun masu kawo masa kaya.

Mai saye ma yana da nasa nauyin. Ya nemi rasiɗi da sunan wanda ya sayar masa, domin kada ya sayi kayan sata. Idan ya tarar da fayilolin wani a ciki, addini da al'ada da doka duk sun hana shi bincika su ko yaɗa su. Ya sanar da mai su idan zai yiwu, sa'an nan ya goge na'urar baki ɗaya, wanda hakan zai kare shi daga duk wata muguwar manhaja da aka bari a ciki.

Mutumin da ya miƙa wa mai shago takardar haihuwarsa ko katinsa na ɗan ƙasa domin a buga masa, amana ya ba shi, kamar yadda manomi yake barin buhunansa a siton ɗan kasuwa. Wannan amana ba ta sauka daga wuyan mai shago don ya sayar da na'urar. Saboda haka kafin a kira dillali a yi maganar farashi, a fara ware yini guda a goge faifan, a gwada, a tabbatar babu abin da ya rage.